Tiamiyu, Mun Ji Injinka Muka Ce Kana Lafiya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Talata, sha tara ga watan Nuwamba, tsakanin la'asar da magariba, Allah Ya karɓi ran Tiamiyu Alabi, wanda duk garin Aba Onigi ke kira Baba Rafatu. Ya cika a kan katakon da muka ɗauko shi, kafin mu fito daga dajin Omi-Dudu zuwa inda mota take iya shiga. Reshe ne ya faɗo masa tun da hantsi. Washegari muka sallace shi, muka binne shi a bayan gidan da ya gina da hannunsa. Ya bar matarsa Silifatu, wato Iya Rafatu, da 'ya'ya biyar.

Baba Rafatu, na jinkirta wannan rubutu, kuma ba don na rasa abin faɗi ba. Ka tafi ka bar mu da maganar Fasasi, abokin aikinmu, wanda injinka na yankan katako yake hannunsa ranar da ka mutu. Yayanka Wahabi ya zo daga Iwo yana cewa sai an miƙa shi ga 'yan sanda. Ƙungiyar masu inji kuma ta fara shirin cire shi daga cikinta da korarsa daga gari, shi da matarsa da yaransa uku. Wanda ƙungiya ta kora, babu dajin da zai sake tayar da inji a cikinsa daga nan har Owo. Na kasa zama in yabe ka alhali ana shirin yin haka da sunanka, shi ya sa na jira na ga inda maganar za ta tsaya.

Na san ka tun ina ɗaukar katako a ka. Goro na zo saye daga Ɗandume, kasuwa ta juya mini baya, kunya ta hana ni komawa gida, na shiga cikin masu dakon katako daga daji zuwa bakin hanya. Wata rana na sauke kaya ina murza wuya, ka dube ni daga inda kake wasa sarƙar inji, ka kira ni da sunan da ake kiran ɗan arewa a nan, ka ce, "Gambari, a haka wuyanka zai shige cikin ƙirjinka kafin ka ga garinku. Ajiye gammon nan, zo ka koyi inji." Na ce ban iya yarenku sosai ba. Ka ce shi ma injin bai iya ba, amma kuna fahimtar juna.

Na ɗauka washegari za ka damƙa mini inji in kayar da bishiya. Wata guda cur ban taɓa igiyar tayarwa ba. Haɗa mai kawai ka sa ni. Ka ce wannan inji ba kamar mota ba ne da ake zuba wa baƙin mai a wurinsa daban; abin da zai hana cikinsa cin kansa yana cikin abin da yake sha, don haka wanda ya zuba masa tsurar fetur ya yanka shi da hannunsa. Kana da wani gwangwanin tumatir da ka ɗaure a hannun jarka da waya, shi ne ma'auninka. A fara zuba man haɗi, a bi shi da rabin fetur, a girgiza, a ƙarasa sauran, a sake girgizawa. Idan na yi sauri sai ka karɓe jarkar ka ce, "Kai ko kunu haka kake damawa? Shi ya sa ba ka yi aure ba." Fetur ɗin bakin titi kuwa ba ka yarda da shi sai ka ɗiga a tafin hannu ka hura. Idan ya bushe ya bar hannu fes, ka saya. Idan ya bar maiƙo, ka san an sirka shi da kananzir, ka mayar wa mai shi.

Ba ka buɗe murfin tanki sai ka share garin katakon da ke gefensa da tsumma. Ba ka zuba mai sai inji ya huce. Ba ka tayar da shi a inda ka zuba, sai ka ɗauke shi ka matsa nesa da jarka. Kuma ba ka taɓa zuba mai ba tare da ka tace shi da ƙyalle ba. Iya Rafatu ta sha tsayar da ni a ƙofar gida tana cewa, "Sallau, ka gaya wa ubangidanka, ɗankwalina na ƙarshe ne wannan. In ya sake yanka shi don injinsa, sai dai injin ya dafa masa amala." Kai kuma kana ciki kana jin ta, kana dariya ƙasa-ƙasa. Na taɓa ganin ka mari ƙeyar wani ƙato, mutum mai gemu, don ya buɗe tanki da taba a bakinsa. Da ya juyo da fushi ka ce masa matarsa ce ta aiko ka, domin ba ta shirya zama gwauruwa ba tukuna.

Daga baya ka koya mini sauran. Fulogi idan aka cire shi yana faɗin abin da ke cikin inji: in ya yi launin soyayyar gyaɗa, lafiya lau, in ya yi baƙi da jiƙa, mai ya yi yawa, in ya yi fari fat, inji yana ƙonewa da ƙishi, a tsaya. Matatar iska a wanke ta da sabulu, a shanya, kada a mayar da ita da danshi. Sarƙa a wasa ta haƙori bayan haƙori da magagari, kowane da adadin da aka yi wa ɗan'uwansa, in ba haka ba yanka zai karkace. Ka ce kada in tambayi kowa ko sarƙata tana da kaifi, in dubi abin da take tofarwa: in ɓarɓashi ne manya, tana ci, in ya koma gari mai laushi, ina wahalar da inji da kaina ne kawai. Ba ka taɓa barin inji ya kwana da datti ba, ko da kai ka kwana da shi.

Sanin inji kuwa, har yau ban ga kamarka ba. Kasuwa ta cika da na jabu, fenti ɗaya da na Jamus, rubutu ɗaya, kwali ɗaya. Duk wanda zai saya sai ya biya maka kuɗin mota ka raka shi. Ka ɗaga inji ka ji nauyinsa, ka ja igiya a hankali idonka a rufe ka ji yadda yake turjewa, ka duba ko farantin lambarsa an buga shi da ƙusa ne ko manna shi aka yi. Fasasi ne kaɗai bai nemi rakiyarka ba, domin ya samu araha yana tsoron kada ka hana shi. Ya sayar da gonar kokon da ya gada a Ikirun, ya dawo da inji sabo fil yana ƙyalli, ya ajiye a gabanka yana murmushi. Ka ɗaga, ka ajiye, ka juya kan aikinka. Da ya matsa maka ka ce, "Fasasi, wannan ko sunan Jamus bai taɓa ji ba. Amma tunda ya shigo gidanka, sai mu riƙe shi." Kuma ka riƙe shi. Mu muka yi ta yi masa dariya, muka raɗa wa injin Mai Asma, saboda yakan yi aiki kaɗan ya yi tari ya mutu, ya yi rabin yini bai farfaɗo ba. Kai ba ka taya mu dariyar ba. Duk mako yana baje a kan buhu a ƙofar gidanka, kana canza masa wannan kana gyara wancan, kuma ban taɓa ganin Fasasi ya fito da wani abu ya ba ka ba sai godiya da ayaba.

Kai ne ka nuna mana cewa kowane inji da muryarsa. Da safe kafin ka shiga daji kakan tsaya a bakin rafi ka karkata kai ka ce, "Muraina bai wanke matatar iska ba yau," ko "Gambari yana yanka da dakusasshiyar sarƙa, malalaci." Mun ɗauka tsafi ne, har mu ma kunnenmu ya buɗe. Na Baba Muraina, shugaban ƙungiya, yana da kaushi. Nawa siririyar murya gare shi. Naka kuwa, wanda kake kira Tsohuwa, ko kurma ya san shi. Salansarsa ta taɓa tsagewa ka liƙe ta da guntun bututun famfon keke, tun daga nan yake da wata murya mai zurfi da ɗan fito a ƙarshenta duk lokacin da ka saki hannu. Yaran gari suna kwaikwayon fiton nan da baki idan sun gan ka.

Daga wannan sani ne ka kafa mana ƙa'idar da muke rayuwa a kanta. A Omi-Dudu waya ba ta kamawa, kowa yana nasa yankin, bishiyoyi sun raba mu, ba mai ganin wani. Sai ka ce tunda ba ma ganin juna, mu saurari juna. Duk wanda ya kashe inji don zuba mai, kafin ya tayar ya tsaya ya ƙirga muryoyi. Wanda aka ji injinsa ya yi shiru fiye da lokacin salla da cin abinci, na kusa da shi ya yi kira. In ba amsa, ya ajiye aiki ya tafi ya duba. Babu tara, babu rantsuwa, amma babu wanda ya taɓa ƙetare ta.

Ni da nake rubutun nan wannan ƙa'ida ce ta bar ni a duniya. Shekarun baya, bakin injina ya daki wani ƙulli a gungume ya yi tsalle ya dawo mini a cinya. Na faɗi, jini yana zuba, na kasa ko ihu. Injin yana gefe bai mutu ba, yana ta ƙara a hankali shi kaɗai. Kowa ya ji shi ya ce Sallau yana nan. Kai ne ka ce a'a, inji ba ya daɗewa haka bai ci itace ba. Ka keto daji da gudu, ka ɗaure mini cinya da igiyar wandonka, ka goya ni har bakin hanya kana riƙe da wando da hannu ɗaya. A hanya ina jin ka kana cewa, "Kada ka mutu mini a baya, Gambari, ban san hanyar garinku ba." Wata biyu ina kwance, Iya Rafatu tana aiko mini da abinci, har ta koyi tuƙa tuwon masara saboda ni, ko da yake gara ta tsaya a kan amalarta.

To, ga abin da ya faru ranar Talata, kamar yadda muka tattara shi daga baya.

Ranar Litinin da yamma Fasasi ya kawo maka Mai Asma, ya ce yana da aikin da ya yi alkawarin gamawa kuma injin ya ƙi tashi. Ka buɗe shi ka gyara. Da asuba, bayan kun fito daga masallaci, ka ce masa ba ka yarda da gyaran ba sai ka ji shi a cikin itace da hannunka. Ka ce ya ɗauki Tsohuwa ya je ya cika alkawarinsa, kai za ka wuni da nasa. Babu wanda ya ji wannan magana sai ku biyu. Lokacin tsinkar koko ne, masu dako duk sun tafi gonaki, kowa shi kaɗai ya shiga daji. Yankinka da na Fasasi kuma suna kwari ɗaya, rafi ne kawai a tsakani, don haka daga inda muke, muryoyinku daga wuri ɗaya suke fitowa.

Da sassafe muka ji su biyun sun tashi. Da hantsi muka ji bishiya ta faɗi, Mai Asma ya yi shiru. Tsohuwa kuwa ta ci gaba, da zurfinta da fitonta, ba ta huta ba sai don shan mai. Na kashe nawa na ƙirga muryoyi kamar yadda ka koya mana. Na ji taka. Ban ji ta Fasasi ba, na yi murmushi na ce asma ta tashi. Da azahar na haɗu da Baba Muraina a bakin ruwa muna alwala, ya ce, "Ka ji Tiamiyu yau? Kamar saurayi." Na ce, "Shi kuma Fasasi yana can yana lallashin majinyacinsa." Muka yi dariya mu biyu. Duk wanda ke dajin ranar nan abin da ya ji ke nan, kuma abin da ya ce ke nan.

Kai kuwa kana kwance. Bishiyar afarar da ka kayar tana ɗaure da igiyoyin daji da wata busasshiyar bishiya a bayanka. Da ta tafi sai ta finciko reshen waccan, ya sauko maka a ƙugu ya danne ka da ƙasa. Injin ya faɗi inda hannunka ba ya kaiwa. Mun tarar da ƙasar gabanka duk a tone da yatsu. Mun tarar da sifana a hannunka, da gwangwanin tumatir ɗinka a lotse, alamar ka yi ta bugawa ko wani zai ji. Wa zai ji gwangwani a dajin da Tsohuwa take kuka?

Fasasi ne ya same ka, da la'asar, da ya ƙetaro rafi zai mayar maka da injinka. Da Tsohuwar ya yi amfani ya yanka reshen ya janye shi daga kanka, sannan ya yi ta ihu har muka zo. Ka buɗe ido. Ka nemi ruwa, muka ɗiga maka. Ka dubi Fasasi yana durƙushe yana kuka kamar mace ta rasa ɗa, ka ce da wata murya da sai mun sunkuya muke ji, "Na wuni ina jin ta. Kana matsa mata da yawa. Ka riƙa bari ta ci da kanta." Ka ɗan huta ka ce, "Naka ya gyaru." Bayan wannan kalmar shahada ce kawai, Baba Muraina yana faɗa kana bi, har muka ga leɓɓanka sun daina motsi muna tsakiyar hanya.

Ba zan ɓoye maka ba, a kwanakin farko ina cikin masu cewa a kori Fasasi. Mu an ruɗe mu, shi ba a ruɗe shi ba. Shi kaɗai ne a duniya ya san cewa shirun Mai Asma shirunka ne, kuma shi ne mafi kusa da kai. Na tare shi bayan jana'iza na ce, "Kai ba ka kashe inji ka saurara ba?" Ya ce, "Na saurara, Oga Sallau. Wallahi na saurara." Na ce, "To me ka ji?" Ya ce, "Shiru. Na ce ya mutu ne kamar kullum, Baba ya baje shi a kan buhu yana dubawa. Kullum haka yake yi. Kuma ban taɓa riƙe inji irin wannan ba a rayuwata, yana shiga itace kamar... na ce bari in ƙara ɗaya, bari in ƙara ɗaya."  Na juya na bar shi a tsaye, domin da na ƙara minti ɗaya da na sa masa hannu.

Amma da na koma gida na zauna, dariyar nan ta bakin ruwa ta ƙi barina. Shekara nawa muna jin Mai Asma ya yi shiru rabin yini ba wanda ya taɓa ɗaga ƙafa ya duba? Ƙa'idarka ba ta ce ban da mai inji na jabu ba. Mu muka cire shi daga cikinta da dariyarmu, ba tare da mun yi zama a kai ba. Da Fasasi ne a ƙarƙashin reshen nan, da haka za mu bar shi har yamma, kuma da ba wanda zai kira taro a kan kowa. Wannan ya ƙona mini rai fiye da fushin da nake yi da shi.

Ranar addu'ar kwana takwas, bayan malamai sun tashi, aka zauna a ƙofar gidanka. Wahabi ya yi magana mai zafi, kuma ban ga laifinsa ba, ƙaninsa ne. Ya ce mutum ya karɓi injin wani, ya bar mai shi yana mutuwa a tsallaken rafi yana ta tara katako, wannan in ba kisa ba ne mene ne? Fasasi yana kwance rub da ciki a ƙasa a gaban dattawa, bai ɗago ba. Na nemi izini na faɗi abin da na faɗa maka yanzu, har da dariyar. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce Gambari yana kare shi ne kawai. Baba Muraina ya ce shi ma ya yi dariyar, amma duk da haka sai an yi hukunci, domin in ba a yi ba ƙa'ida ta mutu. Aka fara ɗaga hannu, kuma na ga inda abin ya nufa.

Sai muka ji muryar Iya Rafatu daga bayan labule, inda take zaman takaba. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya juya yana saurare.

Ta ce, "Baba Muraina, ku yi haƙuri in sa baki. Egbon Wahabi, yayanmu, ka yi haƙuri. In za ku kori wanda ya ji Tsohuwa ya kwantar da hankalinsa, ku fara da ni. Tun da aka kawo ni gidan nan da ita nake sanin mijina yana raye. Ranar nan ina shanyar koko ina jin ta, har na ce wa Rafatu babanku yau da ƙarfinsa ya tashi, a ƙara gari a tukunya. Ina tuƙa masa abinci yana can yana tonon ƙasa."

Muka ji tana jan numfashi. Sannan ta ce, "Ku kore shi, sai me? Yaransa uku su bi nawa biyar? Injin nan shi ya ciyar da gidan nan, kuma shi zai ci gaba da ciyar da shi, domin ba ni da wani. Mai shi da hannunsa ya ba Fasasi, ni ba zan karɓe ba. Ya riƙe, ya yi aiki, a raba yadda kuke rabawa. Fasasi, kana ji na?"

Ya ce, "Ina ji, Iya," fuskarsa tana ƙasa.

Ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ka. Ka canza wa Tsohuwa murya kafin ka tayar da ita. In na sake jin fiton nan daga daji, zan tashi in ɗora wa mijina ruwan wanka."

Babu wanda ya sake ɗaga hannu. Wahabi ya rufe fuska da hularsa ya tashi ya zagaya bayan gida, wajen kabarinka. Baba Muraina ya ce wa Fasasi ya tashi, ya kuma ce daga yau duk wanda zai yi musayar inji sai ya faɗa a masallaci, kuma duk injin da ya yi shiru a je a duba, ko na wane ne, ko sau goma yake mutuwa a yini.

Ni da Fasasi muka yi aikin, a kan buhunka, da sifanarka. Ƙusoshin salansar sun ci tsatsa, sai da muka jiƙa su da mai suka kwana. Da muka cire ta na riƙe ta a hannu ina duban ɗinkin da ka yi wa bututun famfon nan, ƙarami, mai tsabta, babu inda ya zarce. Muka ɗaura sabuwa. Fasasi ya haɗa mai a gabana, man haɗi da farko, rabin fetur, ya girgiza, ya tace da ƙyalle, ya share bakin tanki kafin ya buɗe. Bai tsallake ko ɗaya ba.

Jiya ya koma daji. Ina yankina da hantsi na kashe inji don in zuba mai, na tsaya ƙirga muryoyi. Na ji na Baba Muraina, na ji na sauran. Sai na ji wani daga wajen kwari, lafiyayye, mai ƙarfi, yana cin itace yadda ya kamata. Na karkata kai na saurara da kyau, na ce a raina wannan kuma baƙon wane ne. Sai da na ɗan jima kafin na tuna Tsohuwa ce da sabuwar salansa. Na wanke ka da hannuna, Tiamiyu, na sa ka a rami, na zuba maka ƙasa, amma ban yarda ka mutu ba sai a wannan lokaci. Na zauna a kan kututture na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya Rafatu, wadda ta fi mu duka ƙarfin zuciya a ranar da ta fi kowa rauni. Ga Rafatu da ƙannenta. Ga Wahabi da dukan dangi a Iwo. Ga Baba Muraina da 'yan ƙungiya. Da kuma Fasasi, wanda zai ɗauki wannan kaya har ƙarshen ransa ko da babu wanda ya ɗora masa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya marayun nan, Ya sa albarka a abin da aka bar musu.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanka Tiamiyu Alabi. Ka sa wahalar wannan yini ta zama kankarar zunubansa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ɗauke masa nauyin ƙasa, Ka shayar da shi, Ka sada shi da rahamarka. Ka yafe mana, mu da muka saurara da kunne biyu muka tafi alwala muna dariya. Ya yi ta kira daga hantsi har la'asar ba wanda ya ji shi a cikinmu. Kai Ka ji shi, ya Ubangiji, don haka muna roƙon Ka amsa masa. Amin.

Sallau Ɗandume
Aba Onigi